Saƙon da Ya Shigar da Shanun Bappa Gonar Ɗanbala

Kamaluddeen Sabo mutumin Unguwar Ya ne, amma a Birnin Kudu aka fi saninsa, a wani ɗan shago da ke kan hanyar babban asibiti, tsakanin mai shayi da mai facin babur. Da gyaran waya ya fara. Daga baya ya tafi Dutse ya yi karatun kwamfuta, da ya dawo sai ya ture kayan gyaran gefe guda ya kama rubuta manhaja, wato tsara umarnin da kwamfuta ko waya ke bi ta yi wa mutane aiki. Ubansa manomi ne, kakansa ma haka. Shi ma duk damina sai ya rufe shago ya je ya yi noman farko da hannunsa, don bai yarda ɗan ƙwadago zai cire ciyawa har saiwa ba.

Halinsa ke nan tun yana ƙarami. Ba mugu ba ne, ba shi da faɗa, amma ba ya karɓar magana yadda aka kawo ta. In ka ce masa an yi ruwa a Gwaram, zai amsa da to, sannan ya saci kallon tayar babur ɗinka ya ga ko da taɓo. In aka yabi aikinsa, sai ya tsaya yana jiran abin da za a roƙa. Mutane sun saba da shi a haka, wasu ma don haka suke kawo masa aiki, domin abin da ya fito daga hannunsa an san an juya shi ciki da bai.

Abokin aikinsa Safiyanu ne, ɗan Sara ta ƙasar Gwaram. Danginsa masu shanu ne da suka daɗe da zama wuri guda, suna kiwo suna noma, Hausa ce kuma ta zama harshen gidansu. A makaranta suka haɗu. Safiyanu mutum ne mai saurin dariya da saurin hannu, kafin ka gama bayanin abin da kake so ya fara bugawa. Da ya nemi auren Hadijatu, ƙanwar Kamaluddeen, sai da Kamaluddeen ya hau babur da kansa ya je Sara ya yini yana tambayar mutane. Bai samo abin kushewa ba. Aka ɗaura aure, Safiyanu ya koma kiransa Yaya, suka ci gaba da zama a shago ɗaya.

Babban aikin da suka yi tare na wata ƙungiya ce ta manoma da makiyaya. Kowace kaka rikici iri ɗaya ake yi a yankin. Makiyayi yana son shanunsa su ci kara da ragowar harawa bayan girbi, manomi ma yana son takin da za su bar masa, amma ba kafin ya kwashe amfaninsa ba. Wani ya ce an saki gona, wani ya ce ba a sake ta ba, sai a wayi gari ana gaban mai unguwa. Sai su biyun suka rubuta manhaja mai sauƙi. Manomin da ya gama kwashe kayansa zai tura wata gajeriyar lamba daga wayarsa, manhajar kuma ta aika wa makiyayan da ke kusa saƙo cewa an saki gonar wane ta wuri kaza. Shekarar farko abin ya tafi lafiya, har dattawan ƙungiyar suka riƙa nuna wa baƙi wayoyinsu.

A kaka ta biyu ne, wata safiya Kamaluddeen yana share gaban shago, shugaban ƙungiyar ya kira shi. Ya ce shanu sun shiga gonar Malam Ɗanbala da ke gabas da Sara, sun ci dawa da wake tun ba a girbe ba. Mai shanun kuma ya ce saƙo aka aiko masa.

"Wane ne mai shanun?" in ji Kamaluddeen.

"Bappa. Ƙanin mahaifin surukinka Safiyanu."

Kamaluddeen ya ajiye tsintsiyar. Safiyanu bai iso ba tukuna, shi kuma bai jira shi ba. Ya rufe shago ya kama hanyar Sara.

Ya tarar da mutane a bakin gonar. Ɓarnar ba ta cinye gonar duka ba, amma gefen da shanun suka bi ya kwanta, zangarniyar dawa a ƙasa an tattake ta da yaɗon wake. Malam Ɗanbala, wani siririn dattijo, yana tsaye ya harɗe hannu a baya. Bappa kuwa yana riƙe da wata sabuwar ƙaramar waya yana miƙa wa duk wanda ya matso.

"Ga shi nan, ɗana, karanta da kanka. Ni ban iya ba, jikata ce ta karanta mini. Da ban ga wannan ba, me zai kai ni gonar mutum da dawa a tsaye? Yaran da suka kora shanun ta ƙofar arewa suka shigo, can kuwa an cire gero, suka ɗauka duka ne."

Kamaluddeen ya karɓa. Saƙon daga manhajarsu ya fito, da irin kalmomin da shi da kansa ya tsara. Ya juya wajen Ɗanbala.

"Baba, ko ka danna lambar nan bisa kuskure? Ko wani a gida ya ɗauki wayar?"

"Wayata tana aljihuna. Bana ban saki ko kunya ɗaya ba."

Kamaluddeen ya tambayi sauran makiyayan da ke wurin ko sun sami saƙon. Babu wanda ya samu. Wannan ya tsaya masa a rai, domin manhajar ba ta aika wa mutum ɗaya, duk na kusa take aika wa a tare. Ya sake duban wayar da ke hannunsa, har ledar fuskarta ba a ɓare ba.

"Bappa, yaushe ka yi sabuwar waya?"

"Cikin makon nan. Tsohuwar ta faɗa rijiya tun bara, layin ya mutu. Safiyanu ne, Allah ya yi masa albarka, ya kai ni Birnin Kudu aka dawo mini da lambata."

Kamaluddeen ya mayar masa da wayar, ya yi wa Ɗanbala jaje, ya hau babur. A hanya ya riƙa jera abubuwan a zuciyarsa. Mutum biyu ne kaɗai ke iya shiga cikin manhajar. Saƙon ya je wa mutum ɗaya, mutumin kuma baffan ɗayansu ne. Wayar ta bi ta hannun Safiyanu a makon. Ciyawa ta yi ƙaranci bana, kowa yana son shanunsa su riga na wani shiga gona. Bai ce Safiyanu ya yi niyyar ɓarna ba. Wataƙila ya ɗauka an gama girbi ne, ya so baffansa ya riga kowa. Amma ko hakan ne, ai cin amana ne.

Ya tarar da Safiyanu a shago, labari ya riga ya iso masa, fuskarsa ba walwala.

"Yaya, ka tafi ba ka kira ni ba."

"Sauri nake yi."

"Na duba, ban ga inda Malam Ɗanbala ya turo lamba ba. Ban gane ta inda saƙon ya fita ba."

"Za mu gani," in ji Kamaluddeen, ya jawo kwamfutar gabansa.

A rubutun manhaja, ana yanka aiki gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa, wadda masu sana'ar ke kira fankshin, abu ɗaya take yi. Wannan ta nemo lambar waya, waccan ta haɗa kalmomin saƙo, wata ta tura shi. Mai rubutu yana iya raɗa wa kowace suna, yana kuma iya barinta ba suna, ya cusa ta inda ake bukatarta ya wuce. Barin ya fi sauri, kwamfuta kuma ba ruwanta, aikin zai tafi ko da suna ko babu. Su biyun da gaggawa suka yi rubutunsu don su riga kaka, saboda haka yawancin gunduwoyin haka suka bar su.

Tun farko Kamaluddeen ya sa manhajar ta riƙa ajiye sawun kowane saƙo, wato wace gunduwa ce ta kira wace har ya fita. Ya buɗe sawun saƙon Bappa yana sa ran ganin hanyar a fili. Abin da ya gani kalmar Turanci ce guda ɗaya mai nufin marar suna, an jera ta daga sama har ƙasa. Marar suna ta kira marar suna, ita ma ta kira marar suna. A gefen kowace akwai lambar layin da take a cikin rubutun, sai ya bi lambobin. Ta farko ta kai shi wurin da babu komai, ta biyu ta kai shi tsakiyar wani abu da bai shafi saƙo ba.

"Lambobin ba su dace ba," ya ce.

"Ai na taɓa rubutun jiya da yamma," in ji Safiyanu. "Na ƙara sunayen ƙauyukan nan da aka ce mu sa. Layukan sun gusa."

"Jiya da yamma."

"Eh. Kai ka ce in yi, tun wancan makon."

Gaskiya ne, shi ya ce. Amma bai ce a yi ranar da saƙon ya fita ba. Tsohon rubutun kuma ba su ajiye ba, don sun saba in an gyara sai a ɗora sabo a kan tsoho. Washegari Kamaluddeen ya canza mabuɗin shiga manhajar, ya gaya wa Safiyanu wai na'urar da suke haya a intanet ce ke ba da matsala, ya ɗan dakata da taɓa ta. Safiyanu ya dube shi, ya ce to, ya koma kan wani aikin da wata makaranta ta ba su.

Dattawa sun sasanta maganar gonar ba tare da an je gaban hukuma ba. Aka yanke cewa shanun Bappa za su riƙa kwana a gonar Ɗanbala da rani har ta ƙoshi da taki. Amma shugaban ƙungiyar ya gaya wa Kamaluddeen cewa in aka sake, za a koma aika mutum da baki kamar da.

Daga nan Kamaluddeen ya zauna ya fara raɗa suna. Ya bi rubutun daga farko, duk gunduwar da ya tarar ba suna sai ya karanta ta, ya gane abin da take yi, ya ba ta sunan da ke faɗin aikinta. Da Hausa ya yi, a haɗe yadda kwamfuta ke so: nemoMakiyayanKusa, hadaKalmominSako, karbiLambarManomi. Aikin ba ya canza komai a yadda manhajar ke tafiya. Amfaninsa ɗaya ne, in wani abu ya sake faruwa, sawun zai faɗi sunaye, ko layuka sun gusa ko ba su gusa ba. Wasu gunduwoyin sun ba shi wahala, sai ya ga ɗaya tana yin abu biyu, dole ya raba ta kafin suna ya zauna mata.

Akwai kuma abin da ya yi wanda bai gaya wa kowa ba. Ya san hannun Safiyanu a rubutu kamar yadda ake sanin tafiyar mutum daga nesa. Duk gunduwar da ya ga alamar tasa ce, sai ya sa mata harafin S a gaban sunan. Yana karanta waɗannan sau biyu, yana neman wata ɓoyayyiyar ƙofa da mutum zai bi ya aika saƙo ga wanda ya ga dama. Bai samu ba. Rashin samun bai kwantar masa da hankali ba, sai ya ce a ransa ai mai wayo ba zai bar ƙofar a buɗe ba.

A kwanakin nan Hadijatu ta zo Birnin Kudu awon ciki, ta biyo ta shago bayan ta fito daga asibiti. Safiyanu ya fita sayo mata ruwa.

"Yaya, lafiya kuke da shi? Kwanan nan in ya dawo ba ya cin abincin kirki."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Ya ce ka daina ba shi aikin ƙungiyar."

"Na'ura ce ta lalace. Ke dai ki kula da kanki."

Ta dube shi irin kallon wadda ta tashi gida ɗaya da mutum.

Bayan ya gama raɗa sunayen ya ɗora sabon rubutun, sai ya zauna jira. Girbi ya yi nisa, manoma suna ta sakin gonaki, saƙonni suna fita daidai. Duk ranar da ta wuce lafiya, sai zarginsa ya ƙara ƙarfi: tun da aka rufe wa mutum ɗaya ƙofa, abin ya tsaya.

Ran nan bayan azahar sai ga kiran wani makiyayi mai suna Maikano daga wajen Gwaram. Ya ce an aiko masa cewa an saki wata gona kusa da su, amma da yake ya ji abin da ya sami Bappa, sai ya taka da ƙafarsa ya je ya duba, ya tarar da riɗi a tsaye.

Abin da ya fara zuwa wa Kamaluddeen shi ne Safiyanu ya gano sabon mabuɗin. Ya ɗaga kai ya dube shi. Yana can kusa da ƙofa ya duƙufa a kan aikin makarantar. Kamaluddeen ya karkata fuskar kwamfutar zuwa bango, ya buɗe sawun saƙon Maikano.

Wannan karon sunaye ne. A ƙasa akwai turaSako, wannan dole ne. Wadda ta kira ta kuwa ba karbiLambarManomi ba ce, yadda ya kamata. Sunan da ke wurin shi ne sakeAikaWandaYaMakale, ita kuma wata gunduwa ce ta tashe ta mai suna dubaLayinDaYaDawo. Babu S a gaban ko ɗaya.

Ya je kai tsaye wurinsu. Ya tuna lokacin da yake raɗa musu suna, ya karanta, ya ga aikinsu mai kyau ne, ya wuce, don hankalinsa na kan waɗanda ya yi wa alama. In waya tana kashe ko ba sabis, saƙo ba ya ɓata, manhajar tana riƙe shi, in layin ya dawo ta aika. Sun yi haka ne saboda makiyayan da ke yini a daji. Abin da ba su sa ba shi ne iyakar lokacin riƙon. Saƙon da ya maƙale zai zauna ko shekara ce, ranar da layin ya farfaɗo ya fita kamar yau aka rubuta shi.

Ya sake kiran Maikano.

"Malam Maikano, wannan layin naka, ka daɗe kana amfani da shi?"

"A'a, tun bara aka rufe shi, maganar rajista. Shekaranjiya na je aka buɗe."

Kamaluddeen ya duba saƙon Bappa a cikin na bara. Yana nan. Ɗanbala ya saki gonarsa a kakar da ta wuce, kowa ya samu, ban da mutumin da wayarsa ke ƙasan rijiya.

Kamaluddeen ya juyo da kwamfutar.

"Safiyanu, zo ka gani."

Safiyanu ya jawo kujera. Ya karanta sawun, ya karanta gunduwoyin biyu, ya dafe kai.

"Wannan ai tare muka rubuta ta. Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙanƙara, kana faɗa ina bugawa, daga baya muka yi musanya. Shi ke nan fa? Layi ɗaya ne zai gyara ta."

Ya miƙa hannu ya rubuta layin, cewa duk saƙon da ya kwana bai tafi ba a jefar da shi. Yana murmushi, irin wanda ya kwana biyu bai yi ba. Sai ya ci gaba da gangarawa cikin rubutun yana karanta sunayen, yana gyaɗa kai.

"Ka yi aiki, Yaya. Da tun farko haka muka yi, da tun ranar muka gane." Ya ɗan tsaya. "Wannan S ɗin fa? Ga ta nan, ga ta nan kuma."

Safiyanu ya ci gaba da gangarawa, a hankali yanzu. Ya buɗe ɗaya mai S, ya buɗe wata, ya buɗe wadda ba ta da shi. Murmushin ya tafi. Ya janye hannunsa daga kan kwamfutar ya ɗora a cinya.

"Na'urar ba ta lalace ba ke nan."

"Ba ta lalace ba."

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ka, ka ce ba kai ba ne, da ban yarda ba," in ji Kamaluddeen. "Gara in faɗa maka gaskiya."

Safiyanu ya dubi titi. Wani ɗan acaba yana ta ƙoƙarin ɗora buhu biyu a bayan babur, mai buhunan yana riƙe masa. Sai da suka tafi sannan ya yi magana.

"Tashi mu je Sara. Har yanzu akwai masu cewa Bappa ƙarya ya yi, wai jikarsa ce ta rubuta saƙon. Ya kamata su ji daga bakinka, tunda kai an san ba ka yarda da kowa."

A babur ɗin Safiyanu suka tafi, shi ke tuƙi. A Sara Kamaluddeen ya tsaya gaban shugaban ƙungiyar da Ɗanbala da Bappa ya yi bayani dalla-dalla, ya ce saƙon na bara ne, laifin na rubutunsu ne su biyu, Bappa bai yi ƙarya ba. Ɗanbala ya ce Allah ya kiyaye gaba. Bappa ya ce shi dai daga yau ko saƙo ya zo sai ya aika a duba, aka ce hakan ma ya fi.

A hanyar dawowa suka yi ta tafiya har suka fara hango gidajen Birnin Kudu. Nan Safiyanu ya rage gudu, ya ɗan juyo da kai.

"Ka gaya wa Hadijatu abin da ka zata?"

"Ban gaya wa kowa ba."

"To kada ka gaya mata."

Har yau suna shago ɗaya, manhajar kuma tana aiki, an ma kai ta wasu ƙauyukan. Kamaluddeen ya goge haruffan nan a washegarin ranar, ya ba Safiyanu sabon mabuɗin a rubuce. Safiyanu ya karɓa ya yi godiya. Yana kiransa Yaya kamar da, yana zuwa Unguwar Ya gaisuwar Sallah, amma yanzu in zai taɓa ko harafi ɗaya a aikin ƙungiyar sai ya jira Kamaluddeen ya zo ya zauna a gefensa. Kamaluddeen ya ce masa ba sai an yi haka ba. Safiyanu ya ce ya sani, ya ci gaba da jira.